Kanada Da 'Ya'yan Masu Ƙasa: An Canza Wa Tuwo Suna Ne Kawai

A watan Janairun 2019 wani hoton bidiyo ya zaga duniya daga birnin Winnipeg na lardin Manitoba a ƙasar Kanada. Wata mai jego ce 'yar asalin ƙasar, tana zaune a kan gadon asibiti rungume da jaririyarta mai kwana biyu a duniya tana kuka, ga jami'an kula da yara da 'yan sanda a tsaye a kanta suna jira. Ba a daɗe ba suka karɓe jaririyar suka fice da ita. Dangin matar sun ce sun riga sun shirya wata 'yar uwarsu za ta riƙe yarinyar, amma ba a saurare su ba a wannan rana. Abin da ya sa duniya ta ga wannan al'amari shi ne wani daga cikin dangin ya ɗauka da wayarsa ya sa a Facebook. Sauran ɗaruruwan jariran da aka riƙa karɓewa a wannan lardi duk shekara kuwa, babu wanda ya ji kukan iyayensu sai Allah.

Wannan fa ita ce Kanadan da ake kafa misali da ita a wajen tausayi da kare haƙƙin ɗan Adam, wadda ta amince da yarjejeniyar Majalisar Ɗinkin Duniya kan haƙƙin yara tun 1991, wadda kuma jami'anta ba sa gajiya da yawo ƙasashen raunana suna koya wa mutane yadda ake renon 'ya'ya. Alhali ƙidayar da gwamnatinta ta yi da hannunta a 2021 ta nuna cewa 'ya'yan 'yan asalin ƙasa su ne kashi 7.7 cikin 100 na yaran Kanada 'yan shekara 14 zuwa ƙasa, amma su ne kashi 53.8 cikin 100 na yaran da aka raba da iyayensu aka kai gidajen riƙo. A lardin Manitoba abin ya fi muni, domin kusan tara daga cikin kowane yara goma da ke hannun hukuma 'ya'yan masu ƙasa ne. Gaskiyar masu iya magana da suka ce laifi tudu ne, ka take naka ka hango na wani.

Gwamnatin Kanada ta yi shekaru tana shelar cewa ta ɗaura ɗamarar rage wannan adadi. Ta yi doka, ta ware kuɗi, ta nemi gafara har ba iyaka. Ya kamata mai karatu ya san abin da aka yi ɗin da abin da ya haifar, domin akwai darasi a ciki ga duk al'ummar da ta taɓa ɗanɗana mulkin mallaka. Amma ba za a fahimci maganin ba sai an san asalin cutar, tunda ruwa ba ya tsami banza.

Kafin Turawan Faransa da na Ingila su sa ƙafa a wannan yanki, akwai al'ummomi da suka yi dubban shekaru a cikinsa da harsunansu da sarautunsu da hanyoyinsu na tarbiyya. A yau dokar ƙasar ta kasa su gida uku: waɗanda Turawa suka laƙaba wa suna Indiyawa, waɗanda al'ummominsu suka haura 600, da Inuwit na yankin ƙanƙara can arewa, da kuma Metis, jikokin auratayya tsakanin masu ƙasa da Turawan farko. Da baƙi suka yi ƙarfi sai suka ƙwace filaye, suka killace masu ƙasa a wasu 'yan keɓaɓɓun yankuna, sannan a 1876 suka yi dokar da ta mai da rayuwarsu kacokan a hannun wani ofishi a Otawa. Da aka gama da ƙasa sai aka juya kan 'ya'ya, domin azzalumi ya san duk al'ummar da aka raba ta da 'ya'yanta an gama da ita ba tare da an harba harsashi ba.

Daga shekarun 1880 gwamnati ta haɗa kai da coci-coci aka buɗe makarantun kwana. Gwamnati ke ba da kuɗi, 'yan mishan ke gudanarwa, kuma cocin Katolika ne ya riƙe mafi yawansu. A 1920 aka tilasta wa kowane yaro daga shekara 7 zuwa 15 shiga makaranta, uban da ya ɓoye ɗansa yana iya shan ɗauri. Idan aka kai yaro sai a aske masa gashi, a tuɓe masa tufafin gida, a canza masa suna, wani ma lamba ake ba shi, kuma idan aka ji ya yi magana da harshen uwarsa sai duka. Kimanin yara 150,000 ne suka bi ta waɗannan gidaje. Tun a 1907 wani likitan gwamnati mai suna Peter Bryce ya rubuta rahoto cewa a makarantun da ya bincika a yammacin ƙasar kusan ɗaya cikin kowane yara huɗu ya mutu, akasari da tarin fuka, saboda cunkoso da rashin iska. Aka yi biris da rahoton, shi kuma daga baya aka ture shi gefe. Ba a rufe ta ƙarshe daga cikin waɗannan makarantu ba sai a ƙarshen shekarun 1990.

Tun kafin a rufe su an riga an buɗe wata ƙofar. A 1951 aka gyara doka aka bai wa larduna damar shiga yankunan masu ƙasa da dokokinsu, sai jami'an kula da yara suka maye gurbin 'yan mishan. Jami'i zai shiga ƙauye ya ga gida babu famfo, ko ya ga yara da yawa a ɗaki ɗaya, ko ya tarar kaka ce ke riƙon jikoki kamar yadda al'adar mutanen take, sai ya rubuta cewa an yi sakaci da yaro, ya sa shi a mota. A lardin Birtish Kolombiya a shekarun 1950 'ya'yan masu ƙasa ba su kai kashi 1 cikin 100 na yaran da ke hannun hukuma ba, amma zuwa 1964 sun kai kashi 34. An ƙiyasta cewa aƙalla yara 20,000 aka kwashe ta wannan hanya aka bai wa iyalan Turawa su mai da su 'ya'yansu, wasu har Amurka da Turai aka kai su. A lardin Saskatchewan har tallar yaran aka riƙa yi da hotunansu a jaridu, kamar ana neman mai sayen haja. Wani alƙalin Manitoba, Edwin Kimelman, da ya binciki lamarin, ya bayyana shi a rahotonsa na 1985 da cewa kisan ƙare-dangi ne na al'ada.

To wannan shi ne tushen. Yaron da aka rena a makarantar da ba a taɓa rungumarsa ba sai duka da wulaƙanci, wasu ma har da lalata, ya girma ya haihu bai san yadda ake zama uba ba. Ya koma ƙauyen da babu aikin yi, bai iya harshen mutanensa ba, sai ya faɗa wa giya don ya manta. Sannan gwamnatin da ta mai da shi haka ta dawo ta ce bai dace da riƙon ɗansa ba, ta ɗauke ɗan. Binciken da aka yi ta yi a Kanada ya nuna cewa babban dalilin da ake rubutawa wajen ɗauke 'ya'yan masu ƙasa shi ne abin da suke kira sakaci, wanda idan aka tona sai a tarar talauci ne da rashin muhalli da shaye-shaye. Wa ya jawo talaucin? Akwai al'ummar Neskantaga a arewacin lardin Ontariyo da aka ce su riƙa tafasa ruwansu kafin su sha tun 1995, a 2025 suka cika shekara 30 a haka, a ƙasar da take cikin mafi arzikin ruwa a duniya. Wanda ya hana uwa ruwa mai tsabta, da wane baki zai tuhume ta da ƙazantar ɗanta?

Babban abin da ya tona asirin tsarin shi ne ƙarar da wata mata 'yar asalin ƙasa, Cindy Blackstock, da ƙungiyarta suka shigar a 2007 tare da babbar majalisar shugabannin al'ummomin asali. Sun ce gwamnatin tarayya tana bai wa hukumomin kula da yara na yankunansu kuɗi ƙasa da abin da ake kashewa a kan sauran yaran ƙasa. Gwamnati ta yi shekaru tana jan ƙafa da lauyoyi don kada a saurari ƙarar, har aka kama jami'anta suna bibiyar shafin matar na Facebook. A ranar 26 ga Janairun 2016 kotun kare haƙƙin ɗan Adam ta ƙasar ta yanke hukunci cewa lallai wariya ce. Kotun ta gano cewa yadda aka tsara kuɗin, idan hukuma ta ɗauke yaro gwamnati za ta biya duk abin da aka kashe a kansa, amma idan tana so ta taimaki iyayen don yaron ya zauna a gida, abin da aka ware bai taka kara ya karya ba. Wato an sa riba a raba ɗa da uwa, an sa asara a bar shi a hannunta. Kuɗin da za a biya baƙo duk wata don ya riƙe yaro, da an bai wa uwar ko rabinsa da ta gyara rufin ɗakinta ta cika tukunyarta.

Kafin wannan ma akwai labarin yaro Jordan River Anderson, ɗan ƙabilar Kiri daga arewacin Manitoba, wanda aka haifa a 1999 da wata lalura. Likitoci sun ce zai iya barin asibiti ya koma zaman gida, amma gwamnatin tarayya da ta lardi suka tsaya gardamar wanda zai biya kuɗin kula da shi. Suna cikin wannan gardama fiye da shekara biyu yaron ya rasu a asibiti a 2005, bai taɓa kwana a cikin gida irin na iyali ba. Sai a 2007 majalisar ƙasa ta amince da ƙa'idar da aka sa wa sunansa, cewa a fara yi wa yaro hidima tukuna, daga baya a yi rigimar kuɗi. Ihu bayan hari ke nan.

Yanzu a dubi abin da gwamnati ta yi. A watan Yunin 2008 Firayim Minista Stephen Harper ya nemi gafara a majalisa kan makarantun kwana. A 2015 Hukumar Gaskiya da Sasantawa ta kammala aikinta, ta tabbatar da mutuwar yara sama da 3,200, ta kuma ba da shawarwari 94. Abin lura shi ne biyar na farko duk a kan yaran da ke hannun hukuma a yau ne, ta ɗaya kuwa ita ce a rage yawansu. A watan Yunin 2019 aka sa hannu a kan dokar da aka fi sani da C-92, ta fara aiki ranar 1 ga Janairun 2020. Larduna kuma suka fara soke al'adar nan ta aika wa asibiti gargaɗi a asirce a kan mace mai ciki don a tare jaririn da zarar ya faɗo: Birtish Kolombiya a 2019, Manitoba da Ontariyo a 2020. A watan Yulin 2022 Fafaroma Francis ya je lardin Alberta ya nemi gafara. A watan Oktoban 2023 kotun tarayya ta amince da diyyar dalar Kanada sama da biliyan 23 ga yara da iyalan da tsarin ya cuta.

Adalci ne a faɗi cewa dokar ta 2019 tana da abubuwa masu kyau. Ta ce ba za a ɗauke yaro don talaucin iyayensa kawai ba, ko don rashin muhalli, ko rashin lafiyar mahaifi. Ta ce a fifita taimakon iyali kafin abu ya ɓaci. Ta ce idan ya zama dole a ɗauke yaro daga inda yake, to a fara duba ɗaya daga cikin iyayensa, sannan danginsa, sannan mutanen al'ummarsa, sannan wata al'ummar ta 'yan asali, baƙo shi ne na ƙarshe. Mafi girma duka, ta yarda cewa al'ummomin asali suna da ikon yin dokarsu ta kula da yara, kuma idan aka cika sharuɗɗa dokarsu za ta rinjayi ta lardi. Al'ummar Cowessess ta Saskatchewan ce ta fara cin gajiyar wannan, inda a watan Yulin 2021 ta ƙulla yarjejeniya da gwamnatin Justin Trudeau da ta lardi. Abin tausayi, makonni biyu kafin nan ne wannan al'umma ta sanar da gano kaburbura 751 marasa alama a kusa da tsohuwar makarantar kwana da ke yankinta.

To amma me ya canza a ƙasa? A ƙidayar 2016 'ya'yan masu ƙasa su ne kashi 52.2 na yaran da ke gidajen riƙo. A ta 2021, bayan hukuncin kotu, bayan shawarwari 94, bayan doka ta fara aiki, sai suka zama kashi 53.8. Ana maganin ƙaba kai yana kumbura. Masu fafutuka daga cikinsu sun daɗe suna cewa yaran da ke hannun hukuma a wannan zamani sun fi waɗanda ke makarantun kwana yawa a lokacin da makarantun ke ganiyarsu. An rufe makaranta an buɗe gidan riƙo, an tuɓe rigar limamin coci an sa ta ma'aikacin gwamnati, amma motar da ke zuwa ɗaukar yaro tana nan tana zuwa.

Dalilan ba ɓoyayyu ba ne. Na farko, an ba da iko a takarda amma ba a rubuta a cikin dokar adadin kuɗin da ya wajaba a bayar ba. Kowace al'umma sai ta zauna ciniki da gwamnatoci biyu, ita da ba ta da lauyoyi da ma'aikata kamar nasu, shi ya sa har yau 'yan kaɗan ne daga cikin al'ummomi sama da 600 suka kai ga ƙulla yarjejeniya. Na biyu, masu mulki ba sa sakin iko da daɗin rai. Lardin Kwibek ya garzaya kotu yana cewa dokar ta shiga hurumin larduna, aka yi ta shari'a har sai ranar 9 ga Fabrairun 2024 da Kotun Ƙoli ta tabbatar da dokar baki ɗaya. Ita kanta gwamnatin tarayya, a shekarar da ta yi dokar, kotu ta umarce ta ta biya kowane yaron da aka cuta dala 40,000, sai ta ɗaukaka ƙara, ta sha kaye a 2021. Wato hannun dama yana sa hannu a dokar sulhu, na hagu yana riƙe da takardar ƙarar yara. Na uku, ba a taɓa tushen ba. Gidajen da suka cunkushe suna nan, rashin aikin yi yana nan, filayen da aka ƙwace ba a mayar ba. An kashe maciji ba a sare kansa ba.

Su kansu masu ƙasar sun nuna sun gane wannan. A watan Oktoban 2024, a taron da suka yi a birnin Kalgari, shugabanninsu suka yi watsi da tayin dala biliyan 47.8 da gwamnati ta yi na gyaran tsarin cikin shekara goma. Mutanen da ke fama da talauci suka ƙi irin wannan kuɗi! Hujjarsu ita ce an yi cinikin a bayan idonsu, ba a ba su cikakken iko a kan yadda za a tafiyar da shi ba, kuma babu tabbacin abin da zai faru idan shekara goman ta ƙare. Ana iya saɓa musu a kan wannan mataki, kuma shugabannin lardin Ontariyo sun bi tasu hanyar sun amince da tasu yarjejeniyar a 2025, amma saƙon a fili yake: sun gaji da a riƙa yanke musu hukunci a kan 'ya'yansu a ofisoshin da ba su da kujera a ciki.

Kuma kada a ɗauka Kanada ce kaɗai. Duk inda Turawan Ingila suka je suka zauna suka mamaye ƙasar wasu, labarin ɗaya ne. A Ostiraliya Firayim Minista Kevin Rudd ya nemi gafarar 'yan asalin ƙasar a watan Fabrairun 2008 saboda 'ya'yansu da aka sace. A 2020 gwamnatocin ƙasar suka yi alkawarin rage yawan wuce-kimar yaran da ke hannun hukuma da kashi 45 cikin 100 kafin 2031, amma rahotannin hukumarsu ta bibiya sun yi ta nuna cewa abin gaba yake yi, ba baya ba. Kuma ba a manta ba cewa a 2007, ranar da Majalisar Ɗinkin Duniya ta amince da sanarwar haƙƙin 'yan asalin ƙasa, ƙasashe huɗu ne kawai suka jefa ƙuri'ar ƙi: Kanada, Amurka, Ostiraliya da Niyu Zilan. Daga baya ne kunya ta sa duk suka janye.

Wani zai ce, to yaran da ke cikin haɗari da gaske fa, a bar su? Babu mai hankalin da zai ce haka. A Manitoba ɗin nan aka kashe wata yarinya 'yar shekara biyar, Phoenix Sinclair, a 2005, a hannun uwarta da mijin uwar, bayan hukuma ta mai da ita gida ta daina bibiya. Akwai gidajen da giya da ƙwaya suka rusa, kuma yaro yana da haƙƙin a cece shi ko da daga hannun mahaifiyarsa ne. Amma a wannan lardin dai aka tsamo gawar Tina Fontaine, 'yar shekara 15, daga kogi a watan Agustan 2014, alhali tana hannun hukuma, an ajiye ta a otal. Saboda haka hannun gwamnati ba tudun mun tsira ba ne, sau da yawa gudun gara ne a faɗa gidan zago. Tambayar ita ce wa zai yanke hukunci, kuma ina za a kai yaron. Mai ɗaki shi ya san inda yake masa yoyo. Dattawan ƙauye sun san gidan da ya lalace da gidan da talauci ne kawai ya kama, sun san gwaggon da za ta iya riƙo, abin da jami'in da ya zo daga birni da takarda a hannu ba zai gane ba cikin awa guda.

Abin da Kanada ta kai gare shi a 2019 bayan ta halaka zuriya bayan zuriya, Musulunci ya shimfiɗa shi ƙarni goma sha huɗu da suka wuce. Kare nasaba yana cikin manyan manufofin Shari'a. Zaidu ɗan Harisa (RA) ya tashi a gidan mafificin halitta, Manzon Allah (S), har ana kiransa ɗan Muhammadu, amma Suratul Ahzab ta sauka ta mai da shi ga sunan mahaifinsa. Idan gidan Annabi bai isa ya shafe nasabar yaro ba, gidan wa zai isa? Hadisi ya yi gargaɗi mai tsanani ga mai raba uwa da ɗanta, kuma malamai sun hana hakan ko a kan fursunonin yaƙi. A babin reno, malaman fiƙihun Malikiyya sun jera masu haƙƙi daki-daki: uwa, sannan kaka ta wajen uwa, sannan 'yar uwar uwa, a bi dangi har a ƙure kafin a kai ga bare. Talauci kuwa nauyi ne a kan uba da dangi da baitulmali, ba laifin da ake hukunta uwa a kansa ba. Ya zo a tarihi cewa Halifa Umar ɗan Haɗɗabi (RA) ya ji kukan wani jariri da dare, da ya bincika sai ya tarar uwar tana gaggawar yaye shi ne don ba a yanka wa yaro kaso daga baitulmali sai an yaye shi. Bai ƙwace yaron ba, bai ce uwar ta yi sakaci ba. Laifin ya ɗora wa kansa, ya sa aka yi shela cewa daga ranar kowane jariri yana da kasonsa tun daga haihuwa. Bambancin shugaba mai tsoron Allah da ɗagutu ke nan: ɗaya ya ji kukan yaro ya gyara dokarsa, ɗaya ya ji ya aika mota.

Wannan tunani na cewa ɗan talaka baƙar fata ko jar fata ya fi dacewa da hannun Bature fiye da na uwarsa bai tsaya a Kanada ba, ya taɓa isowa har maƙwabta. A watan Oktoban 2007 aka kama 'yan wata ƙungiyar agaji ta Faransa a garin Abeche na ƙasar Chadi suna shirin ɗora yara 103 a jirgi zuwa Turai da sunan marayun Darfur ne. Bincike ya nuna akasarinsu 'yan Chadi ne kuma suna da iyaye ko dangi a raye. Kotu a Injamena ta ɗaure shida daga cikinsu shekara takwas-takwas, aka mai da su Faransa, cikin 'yan watanni aka yi musu afuwa.

Saboda haka idan gemun ɗan uwa ya kama wuta sai a shafa wa na kai ruwa. Sai bango ya tsage ƙadangare ke samun wurin shiga. Rikici da hare-haren 'yan bindiga sun bar marayu birjik a garuruwan musulmi, ga yaran da aka sake su a titi babu mai tambayar inda suka kwana. Duk baffan da ya cinye gadon maraya, duk kawun da ya rufe ƙofarsa ga 'ya'yan ƙanwarsa, duk mai hali da ya hana zakka, yana share fage ne ga ranar da wani zai zo da mota da takarda ya ce shi ne mai ceto. Wajibi ne 'yan uwa musulmi a kowace unguwa su san marayunsu da sunayensu, su tallafa wa matan da mazansu suka rasu don su riƙe 'ya'yansu a ɗakunansu, su kuma sa ido a kan duk wanda ya zo neman yara da sunan taimako.

Amma ga gwamnatin Kanada da takwarorinta, hanyar a bayyane take in da gaske suke. Su miƙa ikon yara ga al'ummominsu ba tare da ja-in-ja ba, su rubuta kuɗin a cikin doka yadda sabuwar gwamnati ba za ta zo ta yanke ba, su gina gidaje su kai ruwa, su daina kai marayun da suka ƙirƙira kotu. Kafin su yi wannan, ba su da bakin yi wa kowa wa'azin haƙƙin yara. Fir'auna ma ya reni Annabi Musa (AS) a fadarsa cikin daula, amma Allah cikin hikimarsa bai bar jaririn ya kama nonon kowa ba sai da aka mai da shi ga mahaifiyarsa.

Allah Ya isar wa raunana a duk inda suke, Ya mai da kowane ɗa ga uwarsa, Ya kare zuriyar musulmi daga sharrin azzalumai.